Manhaja Ba Alƙali Ba Ce: Martani Kan Auna Satar Rubutu Da Kashi Cikin Ɗari

Manhajar da mujallun ilimi suke dogara da ita wajen farautar satar rubutu aiki guda ta iya. Takan karɓi maƙala, ta daddatsa ta gutsi-gutsi, kowane gutsure 'yan kalmomi ne a jere, sannan ta bi rumbunta tana neman inda wannan jerin ya taɓa fitowa. Duk inda ta ci karo da irinsa sai ta shafa masa launi, ta lanƙaya masa lamba, ta nuna rubutun da ya yi daidai da shi. Daga nan ta gwada yawan kalmomin da suka sha launi da jimillar kalmomin maƙalar, ta fitar da kashi cikin ɗari. Wadda ta fi yaɗuwa a ofisoshin editoci ita ce iThenticate, mallakar kamfanin Turnitin na Amurka. A 2008 ƙungiyar Crossref, wadda mawallafa suka kafa don rajistar lambobin maƙalu, ta haɗa gwiwa da kamfanin aka buɗe wa mambobinta hidimar CrossCheck, wadda aka sake wa suna Similarity Check a 2016. Sharaɗin shiga shi ne mujalla ta yarda a kwashi cikakken matanin maƙalunta a zuba a rumbun, domin kowa ya iya gwada sabuwar maƙala da abin da sauran suka riga suka buga. Manyan gidajen ɗab'i irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley duk suna ciki.

A kan wannan manhaja wani marubuci ya gina ra'ayin da ake mayar wa martani a nan, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba, domin ra'ayi ne da ya sami gindin zama a kwamitocin mujallu da dama. Ga yadda ya tsara shi. Satar rubutu ta yi yawa, editoci kuma malamai ne masu aji da iyali, babu wanda zai haddace duk abin da aka buga a fagensa. Sanayya da alfarma sun ɓata tantancewa: maƙalar babban farfesa takan wuce ko da kwafe ce, ta ƙaramin malami ta sha tsangwama. Na'ura kuwa ba ta san fuskar kowa ba. Don haka a yanka iyaka guda, kashi 15 cikin ɗari. Maƙalar da ta haura a mayar wa mai ita ba tare da an ɓata lokacin masu bita ba, wadda ta tsaya ƙasa a ɗauke ta tsarkakakkiya a wuce da ita. Ya ce da haka mujallun Afirka za su kamo takwarorinsu na duniya, kuma tunda manhajar ta fara iƙirarin gane rubutun ƙirƙirarriyar basira, a ɗora mata wannan hukuncin ma.

Farkon maganar gaskiya ce, ba a musa ta. Kwafe kai tsaye yana nan, kuma manhajar tana kama shi da saurin da mutum ba zai iya ba. A gwajin da kamfanin Taylor & Francis ya yi a mujallu uku, wanda mujallar Nature ta ba da labari a 2010, ɗaya daga cikinsu sai da ta yi watsi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maƙalun da aka gwada. Editan da ke da halin mallakar manhajar ya ƙi amfani da ita ya yi sakaci. Saɓanin yana kan abin da ya biyo baya, wato mayar da lambar da ta fitar ta zama hukunci.

Tushen kuskuren shi ne ɗauka cewa manhajar tana auna sata. Kamanceceniya take aunawa, kuma kamfanin da ke sayar da ita ma haka yake rubutawa a bayanansa: rahoton ba ya cewa an yi sata ko ba a yi ba, mutum ne zai duba ya yanke. Abin mamaki ne a ce mai sayarwa, wanda ke da kowane dalili na kambama hajarsa, ya fi mai saye taka-tsantsan. Sata a fagen ilimi ita ce mutum ya ɗauki magana ko tunani ko sakamakon binciken wani ya gabatar a matsayin nasa. Ma'auninta jingina magana ga mai ita, ba yawan abin da aka ɗauko ba. Malaman da suka gabata sun san wannan sarai. Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma littattafansa suka cika zaurukan karatu a Kano da Katsina da Agadas, ya rubuta risala sukutum kan bambancin mawallafi da ɓarawo, bayan wani ya kwashi aikinsa bai ambace shi ba. Amma shi kansa Suyuɗin, litattafansa maƙare suke da maganganun magabata, kowace da sunan mai ita. Da za a zuba ɗaya daga cikinsu a manhajar yau, da launi ya rufe shafukan, kuma bisa dokar kashi 15 da an mayar masa da abinsa tun daga bakin ƙofa. Mudu yana faɗin yawan hatsi ne kurum. Ba ya faɗin ko daga gonar mai shi aka yanko ko daga ta maƙwabci.

Wanda ya taɓa buɗe rahoton ya karanta ya san inda gizo yake saƙar. A ƙaddara maƙalu biyu a gaban edita. Ta farko, a fannin lafiyar al'umma, ta fito da kashi 27. Idan aka gangara jerin da ke gefen shafi sai a ga madogara kusan hamsin, kowace da kashi ɗaya ko ƙasa da haka. Launin ya faɗa kan adireshin sashen da marubutan ke aiki, da jimlar da ke cewa kwamitin ɗa'a ya amince da binciken, da sunayen sinadarai da na'urorin awo, da bayanin yadda aka lissafa yawan mutanen da za a tambaya, da shafuka uku na manazarta. Babu ko ɗaya da za a iya faɗa ta wata hanya ba tare da an ɓata ma'ana ba. Ta biyu ta fito da kashi 6, lamba mai sanyaya zuciya. Sai dai duka shidan launi ɗaya ne, daga madogara ɗaya, kuma sun taru ne a sakin layi biyu na tattauna sakamako, inda ake sa ran jin tunanin marubucin kansa, babu alamar ɗauko magana, babu sunan kowa. Bisa shawarar marubucin, ta farko ta koma gida da tabon zargi, ta biyu ta wuce wurin masu bita da takardar shaidar tsarki. Wace ce ɓarauniyar a cikinsu?

Ita kanta iyakar, daga ina ta fito? Me ya sa 15, ba 14 ko 20 ba? Babu wani bincike da marubucin ya kawo wanda ya nuna cewa gaskiya tana ƙarewa a wannan lamba. Hukumomin da suka bi wannan hanya ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Hukumar jami'o'in Indiya, a dokarta ta 2018, ta yafe abin da bai wuce kashi 10 ba, ta jera matakan horo daga 10 zuwa 40, daga 40 zuwa 60, da abin da ya haura 60. Takwararta ta Pakistan ta tsaya a 19. Ke nan maƙalar da ta fito da 17 mai laifi ce a Delhi, mai gaskiya a Islamabad. Lissafi mai sauƙi kuma yana nuna abin da iyakar ke halattawa. Maƙala mai kalmomi 6,000, kashi 15 ɗinta kalmomi 900 ne, wajen shafi biyu zuwa uku. Duk wanda ya fahimci dokar ya fahimci cewa an ba shi lasisin kwasar shafi biyu daga aikin wani, muddin bai yi haɗama ya ƙara na uku da rabi ba. Idan ma ya ƙara, maganin a hannunsa yake: ya tsawaita maƙalar da surutu marar amfani har kason ya sauka.

Nan ne illar da ta fi muni take. Da zarar an sanar cewa lamba ce ke wucewa da mutum, sai aiki ya koma kan lambar. Ɗalibai da malamai suna da sunan da suke kiran abin, a rage kashi, kuma a kewayen jami'o'i akwai masu shagunan kwamfuta da suka mayar da shi sana'a. Ba a komawa a jingina maganar ga mai ita. Ana musanya kalmomi ne da 'yan'uwansu har launin ya goge. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, kuma ɓarnarsu ta kai har cikin manyan mujallu. A 2021 masu bincike uku, Guillaume Cabanac da Cyril Labbé da Alexander Magazinov, suka fallasa tarin maƙalu masu ɗauke da gurɓatattun kalmomin fannu, waɗanda na'urar musanya ta murɗe. Inda ya kamata a ce kansar mama sai a ga abin da ke nufin haɗarin ƙirji. Inda ake nufin ƙirƙirarriyar basira sai a ga jabun hayyaci. Da yawa sun fito ne a wata mujallar kwamfuta ta Elsevier mai suna Microprocessors and Microsystems. Irin wannan murɗiya ba ta da wani amfani sai kauce wa idon manhajar, kuma ta kauce. Abin da ya tona asirin shi ne masana da suka karanta suka ga maganar ba ta mutane ba ce. Mai karatu ɗaya da ya san fannin, da ya duba shafin farko da idon basira, da ya tsayar da su. To shi ne mutumin da marubucin ke son a sallama don kada a ɓata masa lokaci.

Sai da'awar cewa abin da ya tsaya ƙasa da iyaka tsarkakakke ne. Manhajar ba ta ganin abin da ba ya cikin rumbunta, kuma rumbun ya fi ƙiba ta wajen Turanci da abin da aka buga a intanet. Wannan ya shafi editocin nan gida kai tsaye. Mujallun nazarin harshe da adabi irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano, da Harshe ta Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, tsofaffin fitowarsu da yawa a takarda suke. Haka kundayen digiri da aka buga da tafireta aka ɗinke da baƙin bango, suna jere a ɗakunan karatu. Haka takardun da aka gabatar a tarukan ƙara wa juna sani aka raba wa mahalarta, balle rubuce-rubucen ajami da hirarrakin da ke cikin kaset. Wanda ya ɗauko babi guda daga wani kundin 1987 ya sake buga shi da kwamfuta zai iya samun kashi sifili, lambar da ko waliyyi ba zai samu ba idan ya rubuta manazarta. Ko abin da ya hau intanet ɗin ma da sauran rina a kaba. Tsofaffin salon haruffan kwamfuta da aka daɗe ana buga Hausa da su sun ajiye ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v. A ido kalmar daidai take, amma abin da na'ura ke karantawa daban: wani ya rubuta ƙasa, wani qasa, wani kasa, wani k'asa. Jimla ɗaya ce, amma ga mai gwada harafi da harafi huɗu ce. Kwamitin shugabannin jami'o'in Nijeriya ya ƙaddamar da manhajar gida mai suna EagleScan a 2021, kuma dalilin yin ta ya haɗa da wannan giɓi na rubuce-rubucen cikin gida. Yunƙuri ne mai kyau, amma ita ma abin da aka zuba mata kaɗai za ta gani.

Fassara kuma wata ƙofa ce a buɗe. Shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya sauka daga mulki a 2012 bayan mujallar HVG ta nuna cewa mafi yawan kundin digirinsa na 1992 fassara ce daga aikin wani masanin Bulgeriya da aka rubuta da Faransanci. Kalmomin duk sababbi ne, tunanin duk na wani. A yankin da malami ɗaya kan karanta Larabci da Turanci ko Faransanci, sannan ya rubuta da Hausa, wannan ba baƙon abu ba ne da za a ce sai a Turai. Wasu manhajojin suna da sashen da ke juya rubutu zuwa Turanci kafin gwadawa, amma ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. A 2020 gungun masana daga ƙasashe da dama, cikinsu har da Debora Weber-Wulff ta Berlin wadda ta shafe shekaru tana gwada irin waɗannan manhajoji, suka jarraba guda 15 da rubuce-rubuce cikin harsuna takwas. Abin da suka samu shi ne kwafe kai tsaye yana kamuwa, wanda aka sake wa kalmomi yana yawan kuɓucewa, fassararre ya fi kowanne kuɓucewa, sannan wani lokacin ana shafa wa mai gaskiya launi. Ko shahararriyar badaƙalar Jamus ta 2011, wadda ta ci kujerar ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg, ba rahoton kashi ne ya fara tona ta ba. Wani farfesan shari'a na Bremen ne yake karanta littafin don rubuta sharhi, wasu jimloli suka tsaya masa a rai, ya neme su a Google.

Hujjar da ta fi jan hankali a ra'ayin marubucin ita ce ta adalci, cewa na'ura ba ta san fuskar kowa ba. Na'urar ba ta sani ba, amma mai danna ta ya sani. Kafin lambar ta fito akwai zaɓuɓɓuka: a cire manazarta ko a bar su, a cire abin da ke cikin alamar ɗauko magana ko a ƙirga shi, a yi watsi da dacewar da ba ta kai kalma kaza ba, a cire wata madogara ɗungurungum daga lissafi. Maƙala ɗaya tana iya fitowa da lambobi mabambanta gwargwadon inda aka danna. Editan da ke son yi wa ubangidansa alfarma ba sai ya yi gardama da kowa ba, akwati biyu zai taɓa lambar ta sauko. Wanda yake son ya danne abokin hamayya kuma ya bar komai a buɗe, ya aika masa da rahoto mai ja, ya ce ba laifinsa ba ne, kwamfuta ce ta faɗa. A da, editan da ya ƙi maƙala dole ya kawo dalili, kuma ana iya ƙalubalantar dalili. Yanzu an ba shi lamba ya fake a bayanta. Son kai bai tafi ko'ina ba, riga ya samu.

Kuma idan an bar saitin daidai wa daida, nauyin ba ya faɗa wa kowa daidai. Wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne ya fi jingina da tsayayyun jimlolin da ya koya a fagensa, don haka ya fi shan launi ko da binciken nasa ne tsantsa. Masanin shari'a dole ya kawo sassan doka kalma da kalma, masanin addini dole ya kawo aya da hadisi yadda suke, mai nazarin waƙa dole ya kawo baitocin da yake nazari. Matashin da ya ciro maƙala daga kundin digirinsa na uku, abin da duk duniya ake ƙarfafa masa gwiwa ya yi, zai tarar da rabin maƙalar ta yi ja idan jami'arsa ta ɗora kundin a intanet. Ana zarginsa da satar kayansa, alhali wanda jami'arsa ta bar kundin a kan kanta yana shan ƙura ya wuce lafiya. Akwai ma tarkon da ke kama mutane a ɓoye. Nau'in Turnitin da aka yi don ayyukan ɗalibai yakan ajiye abin da aka gwada a rumbunsa idan ba a kashe wannan zaɓin ba. Marubucin da ya ba wani ya duba masa maƙala da irin wannan asusu kafin ya aika, idan mujallar ma da shi take aiki, sai maƙalar ta dace da kanta kusan ɗari bisa ɗari. Editan da ke buɗe rahoto zai gane cikin minti biyu. Dokar mayarwa ba tare da dubawa ba kuwa ba ta da minti biyun.

Batun kamo takwarorin duniya ya fi sauran rauni, domin takwarorin da ake son a kamo suna da manhajar, kuma ba ta hana su shiga uku ba. Kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira kuma Wiley ya saye a 2021, ya kasance yana tace maƙalunsa da ita. A 2023 kaɗai ya janye maƙalu sama da 8,000, akasarinsu kayan masana'antun ƙera maƙala ne, masu sayar wa mutane gurbin suna a kan binciken da ba a taɓa yi ba. Irin waɗannan masana'antu sun san manhajar fiye da editoci, kuma kayansu sabo ne fil ta fuskar kalmomi. Tun kafin nan, binciken da Fang da Steen da Casadevall suka buga a 2012 kan maƙalu 2,047 da aka janye a fannin likitanci da kimiyyar halittu ya nuna cewa satar rubutu ita ce dalili a kashi 9.8 cikin ɗari, maimaita bugu a kashi 14.2, ƙage ko zargin ƙage kuwa a kashi 43.4. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta suka duba hotunan maƙalu fiye da 20,000 da ido, suka sami kusan kashi 4 cikin ɗari da hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. Alƙaluman ƙarya, hoton da aka juya, masu bitar bogi, duk babu wanda manhajar gwada kalmomi ke gani. Mujallar da ta rage karatun mutum don ta sami lamba ta rufe ƙaramar ƙofa ce ta bar babbar a wangale.

Game da gane rubutun ƙirƙirarriyar basira, abin da ya faru a 2023 ya isa amsa. Turnitin ya fito da nasa ma'aunin a watan Afrilu. A watan Yuli kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye nasa saboda rashin daidaito. A watan Agusta jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe na Turnitin, tana mai lissafin cewa ko kuskuren kashi ɗaya ne cikin ɗari, a ayyuka 75,000 da ta gwada a shekarar da ta gabata ɗalibai wajen 750 ne za a iya zarga a banza. A shekarar kuma masu bincike na Stanford suka gwada wasu ma'aunai bakwai, ban da na Turnitin, suka ga sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshensu ba ne a matsayin na na'ura. Rahoton kamanceceniya aƙalla yana nuna madogarar da edita zai buɗe ya gwada da idonsa. Wannan kuwa hasashe ne da ba shi da abin nunawa. A kan me za a tsayar da malami a gaban kwamitin ladabtarwa?

Matsayin wannan martani a fili yake: a yi amfani da manhajar, a karanta rahotonta, kada a taɓa yanke hukunci da lambarta, sama ko ƙasa. Idan mujalla na son wata lamba don tsara aikinta, ta zama mai nuna maƙalar da za a fara dubawa, ba wadda za a mayar ba. Edita ya cire manazarta da maganganun da aka jingina, sannan ya dubi madogarar da ta fi kowace kaso, ya ga a wane sashe launin ya taru, ya buɗe asalin rubutun ya ajiye su gefe da gefe. Dacewa a bayanin hanyar bincike daban take da dacewa a sakamako ko tattaunawa. Dacewa da aikin marubucin na baya tana da nata hukuncin, wanda ya danganta da ko ya bayyana hakan. Ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar wallafa, wadda editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, ta shimfiɗa matakan da ake bi idan zargi ya taso, kuma sun bambanta ƙaramin kwafe da babba: ƙarami a nemi marubuci ya gyara ya jingina, babba a rubuta masa a nuna masa hujja a saurari bayaninsa, idan bai gamsar ba a ƙi maƙalar, a kai maganar ga hukumar da yake aiki a ƙarƙashinta idan ta kama. Babu inda matakan suka ce lamba ta wadatar.

Damuwar marubucin game da alfarma tana da magani, amma ba wanda ya rubuta ba. A rubuta saitin da mujalla ke amfani da shi a sanar da kowa, a yi wa kowace maƙala iri ɗaya. A ajiye rahoton tare da 'yan layukan da editan ya rubuta na dalilin hukuncinsa, ta yadda wani zai iya bin sawu. Maƙalar da editan ke da alaƙa da mai ita a miƙa wa wani. Ga mujallun da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma hidimar da dala ake biyanta bisa kowace maƙala, akwai aikin da ya riga sayen manhaja muhimmanci: a ɗauki hoton tsofaffin fitowa da kundaye, a mayar da su rubutun da na'ura ke iya karantawa da daidaitattun haruffa masu lanƙwasa, a yi musu rajistar lamba, a ɗora su a dandamali irin su African Journals Online, wanda ke tattara mujallun nahiyar tun 1998. Sai abin ya shiga rumbu manhajar za ta iya kare shi daga masu kwasa. Kafin a kai can, mai bitar da ya karanta kundin 1987 ɗin, ko ya zauna a ɗakin taron da aka gabatar da takardar, shi kaɗai ne zai gane babin idan ya dawo da sunan wani, don haka maƙalar da ta fito da kashi sifili ma sai an aika masa.